Disturb da Upset: Inda Kowace ke Zama a Turanci

"Disturb" aikatau ce ta Turanci mai gaɓa biyu, kuma a kan gaɓa ta biyu ake danna murya wajen furta ta. Ainihin ma'anarta shi ne a taɓa abin da yake zaune lafiya har ya bar yanayin da yake ciki. Abin da aka taɓa ɗin yana iya zama barcin mutum, ko aikin da ya duƙufa a kai, ko takardun da ya jera a tebur, ko zaman lafiyar unguwa, ko kwanciyar hankalinsa. Tana cikin kalmomin da yaro ke fara tsinta tun a firamare, a Dutse ne ko Kiyawa ko Jahun na jihar Jigawa, domin da ita malami ke tsawata wa masu surutu, da ita kuma monita ke kai ƙara. Wannan sabo na tun ƙuruciya ya sa ɗalibai da ma'aikata da yawa suke ɗora mata nauyin da Turawa suka rarraba wa kalmomi biyar ko shida.

Asalin kalmar Latin ne, harshen Rumawan dā. A can ana cewa "disturbare", wadda ta haɗa ɗafa-goshi "dis", mai nuna warwatsewa, da aikatau "turbare", wato hautsinawa ko dagulawa. Ita kuma "turbare" ta fito ne daga "turba", cincirindon jama'a mai hayaniya, kuma ba ta da wata dangantaka da turbar Hausa mai nufin hanya. Daga Latin kalmar ta shiga tsohon Faransanci. Bayan da Normawa suka ci Ingila da yaƙi a shekarar 1066, Faransanci ya zama harshen fada da kotu na ƙarnuka, dubban kalmominsa suka kwarara cikin Turanci, har da wannan, wadda ta fara bayyana a rubuce wajen ƙarni na 13. Daga saiwa ɗaya aka samu "trouble", wato matsala, da "turbid", gurɓataccen ruwa, da "turbine", injin da ruwa ke juyawa a madatsa irin ta Kainji, da "turbulence", jijjigar da maniyyaci ke ji idan jirgin da ya ɗauko shi daga filin jirgin saman Dutse ya shiga hargitsattsiyar iska.

Hausa ma ta bi hanya mai kama da wannan. Ana cewa mace ta dama fura, ana cewa yaro ya dami mahaifinsa. Karin sauti da wasalin ƙarshe ne suka raba kalmomin biyu. Idan an gama, sai a ce fura ta damu, haka nan a ce mutum ya damu. Ke nan harsunan biyu, ba tare da ɗaya ya ara daga ɗaya ba, sun kalli hankalin ɗan Adam a matsayin abin da ke kwanciya, ana kuma iya motsa shi ya hautsine. Wannan kusanci yana taimakon ɗalibi ya kama ma'anar da sauri, amma a nan tarkon yake. Filin "damu" a Hausa ya fi na "disturb" faɗi nesa ba kusa ba. Ciwo yana damun mutum, bashi yana damunsa, maƙwabci yana damunsa, tunanin 'ya'ya yana damunsa. Mai fassara a zuci, wanda duk inda ya ji "damu" sai ya ajiye "disturb", zai dace a wasu wurare, ya kauce a wurare masu yawa.

Amfani na farko, wanda ya fi yawa a bakin Turawa, shi ne katse wa mutum barci ko hutu ko aiki. Wanda ya ƙwanƙwasa ƙofar ofis a sakatariyar jiha alhali maigidan yana rubutu zai ce "Sorry to disturb you, sir", kwatankwacin Bahaushe ya yi sallama ya ce "A gafarce ni, ranka ya daɗe, na katse maka aiki." Daga nan aka samu rubutun "Do not disturb" da ake ratayawa a ƙofar ɗakin otal, wanda yanzu ya koma cikin wayoyin hannu a matsayin maɓallin da ke hana kira da saƙo yin ƙara.

Amfani na biyu ya shafi kaya da wuri, ba mutum ba. Idan aka ce kada a yi "disturb" ɗin takardu, ana nufin kada a gusar da su daga yadda aka jera su. 'Yan sanda suna faɗin haka game da wurin da aka aikata laifi. Masana ƙasa suna faɗin haka game da gonar da garma ba ta taɓa shiga ba, su kira ta "undisturbed soil". Wannan ma'ana ita ce ta fi kusa da asalin Latin, kuma ita ce ɗaliban Hausa suka fi mantawa da ita, domin a Hausa ba a damun takarda. Hargitsa ta ake yi, ko a birkita ta.

Amfani na uku shi ne tayar da hankali, kuma yana da nauyi. Ba ƙaramin ɓacin rai ake nufi ba. Ana nufin labari ko gani ya shiga zuciya ya hana ta sukuni. Lokacin da tankar mai ta yi bindiga a garin Majiya na ƙaramar hukumar Taura a watan Oktoban 2024, inda mutum fiye da 150 suka rasu, hotunan da suka yaɗu a wayoyi su ne irin waɗanda Turanci ke kira "disturbing images", wato hotuna masu tayar da hankali. Gidajen talabijin kan faɗi wannan kalma a matsayin gargaɗi kafin su nuna abu mai muni. Wanda ya yi amfani da ita a kan ƙaramin abu, kamar jinkirin abinci, ya ɗauko kalmar da ta fi abin girma.

Ta fuskar nahawu, "disturb" aikatau ce so-karɓau. Dole a faɗi wa ko me aka dama. Jimlar da ake yawan ji a aji, "Stop disturbing", a kunnen Bature ba ta ƙarasa ba. Zai jira ya ji "the class" ko "me" ko "your brother". Haka "They are disturbing" a wurinsa ba ta nufin suna surutu, tana nufin su mutane ne masu tayar da hankali. Rubutun "Do not disturb" kaɗai ya samu rangwame, saboda gajeren umarni ne na allo, kuma kowa ya san mai ɗakin ake nufi. Sarrafa kalmar ba ta da wuya: "disturbs", "disturbed", "disturbing". Harafin ƙarshe ba a ninka shi.

Akwai bambanci babba tsakanin sifofi biyu da ake samu daga gare ta. Mai ɗafa-ƙeyar "ing" tana bayyana abin da ya jawo damuwar, mai "ed" kuma tana bayyana wanda damuwar ta sama. Labari shi ne "disturbing", mai jin labarin shi ne "disturbed", kuma "by" ce ke biyo baya: "She was disturbed by the news." Sai dai sifar "disturbed" tana da wata fuska da ya kamata malamai su riƙa jan kunne a kanta. Idan aka ɗora ta kai tsaye a kan mutum ba tare da faɗin dalili ba, aka ce "a disturbed boy" ko "He is disturbed", Turawa na fahimtar cewa yaron yana da taɓin hankali ko wata larurar ƙwaƙwalwa. Malamin da ya rubuta haka a rahoton ɗalibi, yana nufin yaron na cikin damuwa saboda rashin lafiyar mahaifiyarsa, ya manna masa abin da zai iya bin sa shekaru a cikin fayil. Abin da yake nema shi ne "worried".

"Upset" kuwa ba ta da jinin Latin. Turanci ce tsantsa, haɗin "up" da "set". A dā ma'anarta ita ce tsayar da abu ko kafa shi. Wajen shekarar 1800 ta juya ta koma kifar da abu, kamar amalanke ko kwale-kwale ko kofin shayi, ba da jimawa ba kuma aka fara amfani da ita a kan zuciya. Har yanzu ana iya cewa "He upset the bucket", ya kifar da bokiti, ko da yake a labaran kifewar kwale-kwale da ake samu da damina a yankunan Ringim da Haɗeja jaridu sun fi amfani da "capsize". A maganar yau da kullum, "upset" ita ce ɓata wa mutum rai ko sosa masa zuciya, irin ɓacin ran da ke gauraye da baƙin ciki, wani lokaci har da hawaye.

A wajen sarrafa ta ne ake yawan tuntuɓe. Tana bin uwarta "set", wadda ba ta canja siga a shuɗaɗɗen lokaci. Yau "upset", jiya "upset", abin da aka riga aka yi ma "upset". Babu "upsetted" a Turanci, kuma mai duba takardar jarrabawa ba ya yafe ta. Idan za a ƙara "ing", sai a ninka harafin ƙarshe, a samu "upsetting". Ƙananan kalmomin da ke bin ta ma suna da tsari: "upset about" ko "upset by" ga abin da ya faru, "upset with" ga mutumin da aka yi fushi da shi. Amarya tana "upset with" ƙawarta da ba ta zo biki ba, tana "upset about" rashin zuwan.

Hanya mafi sauƙi ta raba kalmomin biyu ita ce a duba inda abin ya sauka. Mai injin niƙa da ya tayar da injinsa da asuba a unguwar Takur ya yi "disturb" ɗin maƙwabta, domin ya katse musu barci. Idan dattijon unguwa ya je yi masa magana, shi kuma ya mayar da baƙar magana a gaban yara, to ya yi "upset" ɗin dattijon, domin ya ɓata masa rai. Ta farko tana iya faruwa ba tare da zuciya ta ɓaci ba. Ana iya tashin mutum daga barci da albishir. Ta biyu kuwa ba ta rabuwa da zuciya. Ko a inda suka haɗu, wato wajen tayar da hankali, ɗanɗanonsu daban ne. "Disturb" tana karkata ga fargaba da tunani mai nauyi, kuma ta fi zama a rubutu da maganar hukuma. "Upset" tana karkata ga ɓacin rai na kusa, tsakanin 'yan uwa da abokai da ma'aurata.

Turancin Nijeriya ya faɗaɗa "disturb" ta hanyoyin da kowa ya saba da su. Majinyaci a babban asibitin Dutse ko na Birnin Kudu zai ce wa likita "Ulcer is disturbing me" ko "My leg is disturbing me", fassarar kai tsaye ta "olsa na damuna" da "ƙafa na damuna". Likitan da ya tashi a nan zai gane nan take, kuma babu wata asara. Bature zai ce "My leg is bothering me", ko "is troubling me", ko "hurts". Game da ciki, akwai kafaffen zance, "an upset stomach", wato ɓacin ciki, kuma a nan "upset" ce kaɗai ke shiga. Abin sha'awa, Hausa ma da "ɓaci" take bayyana rai da ciki duka biyu. Uba zai ce wani saurayi yana "disturbing" ɗin 'yarsa, yana nufin ya matsa mata da nema. Turancin Ingila zai ce "pestering", idan abin ya kai ga tsangwama kuma "harassing". Mai bin bashi da ke kiran waya safe da yamma shi ma "pestering" yake yi. Mai masauki da ya tashi zai kawo ruwa, baƙo ya ce masa "Don't disturb yourself", Bature ya fi cewa "Don't bother" ko "Don't trouble yourself".

Waɗannan ba abin kunya ba ne. Harshen da ya zauna a ƙasa fiye da shekara ɗari dole ya ɗauki ƙamshinta, kuma a watan Janairun 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomi da ma'anoni 29 na Turancin Nijeriya, ciki har da "Kannywood" da "okada". Amma hukumomin jarrabawa, WAEC da aka kafa a 1952, da JAMB ta 1978, da NECO ta 1999, da ma'aunin daidaitaccen Turanci suke awo. Haka ma jarrabawar IELTS da malaman jinya da masu neman karatu a ƙetare ke zaunawa. Ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse ko na kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha yana buƙatar ya riƙe duka biyun, ya san wanda zai yi magana da shi a kasuwar Shuwarin da wanda zai rubuta a takardar neman aiki. Malamin da ya ce wa yaro "kuskure ne" kawai ya ba shi rabin ilimi. Wanda ya nuna masa daga inda jimlar ta fito, da inda za a karɓe ta da inda ba za a karɓa ba, shi ne ya cika aikin.

Sauran 'yan gidan kowace da gurbinta. "Bother" ita ce ta fi kusa da "dama" ta yau da kullum, mai sauƙi, marar nauyi. "Worry" ta shafi tunanin abin da ka iya faruwa, irin na manomin da ya ga ruwa ya ɗauke bayan shuka. "Annoy" ba da haushi ce. "Interrupt" katse magana ce ko katse aiki na ɗan lokaci, kuma ita ta dace da wanda ya sa baki ana tsakiyar zance. "Distract" ɗauke hankali ce daga abin da ake yi, irin yadda waya ke yi wa mai karatu. "Unsettle" hana natsuwa ce a hankali, ba tare da an san takamaiman dalili ba. "Perturb" kuwa 'yar uwar "disturb" ce ta jini, daga "turbare" ɗin nan tare da ɗafa-goshi "per" mai ƙarfafa ma'ana. Ta fi zama a littafi, kuma an fi ganin kishiyarta, "unperturbed", wato wanda ko gezau bai yi ba. Masu shirya tambayoyin zaɓen kalma mafi kusa da ma'ana suna son ta ƙwarai, domin tana raba wanda ya yi karatu da wanda ya yi hadda.

Sunan da aka samu daga "disturb" shi ne "disturbance", kuma yana da tarihi mai nauyi a Arewa. A harshen shari'a yana nufin tayar da zaune tsaye. Kundin Final Kod, wanda aka fara aiki da shi a Arewacin Nijeriya a 1960, ya ƙunshi laifin dagula zaman lafiyar jama'a da laifin tunzura mutane su yi tarzoma, kuma da wannan kalma aka rubuta su. Ana jin ta har yau a takardun tuhuma a kotunan majistare. Rahoton gwamnatin mulkin mallaka kan rikicin Kano na watan Mayun 1953 da ita ya kira abin da ya faru. Kwamitin bincike na Mai Shari'a Anthony Aniagolu kan rikicin Maitatsine na Disambar 1980, lokacin Dutse tana cikin tsohuwar jihar Kano kafin a ƙirƙiro Jigawa a 1991, shi ma da ita aka sa masa suna. Bayan rikicin Kafanchan na 1987, gwamnatin soja ta kafa dokar kotun musamman mai ɗauke da kalmomin "civil disturbances". A nan akwai abin lura ga mai karanta takardun hukuma. Kalma ɗaya ce ke ɗaukar hayaniyar 'yan kallo a bakin titi da kuma rikicin da ya ci rayuka fiye da 4,000, kamar na Maitatsine. Hukumomi suna son ta ne saboda sanyinta. Mai fassara labarai a gidan rediyo ba zai dogara da ita kaɗai ba. Sai ya duba girman abin kafin ya zaɓi hayaniya, ko hatsaniya, ko tarzoma, ko rikici, domin Hausa ta bambanta su, kuma mai sauraro yana auna abin da ya faru da kalmar da aka ba shi.

"Upset" ma tana zama suna, kuma a nan masu zuwa gidajen kallon ƙwallo sun fi kowa saninta. Idan ƙaramar ƙungiya ta doke babba ba zato, masu sharhi kan kira abin "an upset". Haka aka kira nasarar Senegal a kan Faransa da ci ɗaya da nema a wasan buɗe gasar cin kofin duniya ta 2002, da nasarar Saudiyya a kan Ajantina da ci biyu da ɗaya a Ƙatar a 2022. A siyasa ma ana faɗin haka idan wanda ba a sa wa rai ba ya kayar da mai ci. Hausa tana cewa an yi bazata, ko an ba da mamaki, kuma babu ɓacin rai a cikin ma'anar, sai tsohuwar ma'anar kifarwa: na sama ya koma ƙasa.

Furuci yana canjawa tare da aikin kalmar. Idan "upset" suna ce, ana danna gaɓa ta farko. Idan aikatau ce, ana danna ta biyu. Idan sifa ce da ta zo a ƙarshen jimla, kamar "She is upset", ta biyu ake dannawa, amma idan ta gabaci suna, kamar a "upset stomach", nauyin yakan koma ta farko. Wannan yana cikin abin da takardar gwajin furuci ta WAEC da NECO ke tambaya, kuma yana wahalar da Bahaushe saboda harshensa da karin sauti da tsawon wasali yake aiki, ba da danna gaɓa ba. Game da "disturb", Turancin Ingila ba ya furta harafin "r" da ke cikinta, sai dai ya ja wasalin, na Amurka kuwa yana furta shi. Duka biyun karɓaɓɓu ne. Abin da ake gudu shi ne ƙara wasali a ƙarshe, ko mayar da nauyin kan gaɓa ta farko.

Ƙamusoshin da ke haɗa harsunan biyu, tun daga na Bargery na 1934, da na Neil Skinner na 1965, har zuwa na Turanci da Hausa na Roxana Ma Newman na 1990, suna taimakawa wajen gano kalmomin da ke maƙwabtaka da juna. Sai dai ƙamus mai harshe biyu yana ba da jerin zaɓi ne, ba kullum yake faɗin wadda ta dace da jimlar da ke hannu ba. Don haka ɗalibin sakandare yana buƙatar ya haɗa da ƙamus na masu koyo, irin na Oxford ko Longman, wanda ke nuna ko aikatau tana buƙatar karɓau, da ƙaramar kalmar da ke bin ta, da gaɓar da ake dannawa, da jimlolin misali ga kowace ma'ana.